Wa Zai Ja Hannun Malamar Rabin Aji Ta Koma Karatu?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a gaban taron masu makarantu da shugabannin makarantun renon yara na unguwannin Hausawa a birnin Ikko.



Maganar da aka ɗora mini ita ce ta malaman da ke kula da yara ƙanana, wato 'yan shekara 3 zuwa 5, waɗanda a gida muke kira 'yan rabin aji, da kuma yadda za a yi waɗannan malamai su ƙaro ilmi ba tare da sun bar aikinsu ba. Tun da farko bari in faɗi inda na dosa. A mafi yawan lokuta ba gwamnati ce ke yanke hukuncin ko malama za ta koma karatu ba, ba kuwa kwaleji ba ce. Wanda ke yanke wannan hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne mutumin da take aiki a ƙarƙashinsa kowace safiya: mai makaranta, ko hedimasta, ko babbar malamar da ta riga ta daɗewa a wurin. Wato ku ne da kuke zaune a gabana.

Kowa a nan ya san wannan malama. Ana samunta a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, kamar yadda ake samunta a Fagge da Tudun Wada. Ta gama sakandare, wataƙila da saura darasi ɗaya ko biyu da ba ta ci ba. An ɗauke ta aiki domin tana da haƙuri da yara, aka ba ta ajin da ya fi kowane aji cika, yara suna kiranta Anti, ita ce mai share hanci, mai raka yaro bayan gida, mai jiran uwar da ta makara. A ƙarshen wata kuwa albashinta shi ne mafi ƙanƙanta a takardar biya. Al'adarmu a makarantu ita ce a kai malamin da ya fi ilmi aji 6, saboda jarrabawa, sa'an nan a bar wa wanda ya fi ƙarancin ilmi ƙananan yara, a kan cewa ai wasa kawai suke yi. Wannan al'ada, a ganina, ta juya abu a baibai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to, ina dalilin da za mu miƙa ɗanyen icce ga wanda ba a taɓa nuna masa yadda ake tanƙwarawa ba?

Ba yau ƙasar nan ta fara fuskantar matsalar malaman da suka shiga aji kafin su sami horo ba. Sa'ad da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wato U.P.E., a watan Satumba na 1976, yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi, har ya zama tilas a ɗauki dubban mutane marasa takardar malanta su riƙe azuzuwa. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, N.T.I., a Kaduna, kuma dalilin kafa ta shi ne malami ya yi karatu yana kan aikinsa, a aika masa da littattafai, ya riƙa halartar darasi a ƙarshen mako da lokacin hutu. Daga baya cibiyar ta fara ba da takardar N.C.E. ta wannan hanya. Ashe ke nan tunanin karatu a bakin aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Amma waccan kulawa ba ta kai ga 'yan rabin aji ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci ilmin share fagen shiga firamare, sai dai ta bar gudanar da shi a hannun masu zaman kansu, gwamnati ta tsaya ga sa ido. An daɗe a haka. Sai bayan da aka ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sa'an nan kula da ƙananan yara ya shiga cikin abin da ake kira ilmin tushe. A 2007 aka fitar da manufa ta musamman a kan raya ƙananan yara, a 2013 kuma Manufar Ilmi ta sanya shekara ɗaya ta share fage a gaban shekaru 6 na firamare. Kwalejojin ilmi, a ƙarƙashin hukumarsu ta N.C.C.E. wadda aka kafa a 1989, sun buɗe fanni na musamman domin masu koyar da ƙananan yara. A ɗaya ɓangaren kuma, takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda iyayenmu suka yi alfahari da ita, ta daina zama abin dogaro, aka tsayar da N.C.E. a matsayin mafi ƙanƙantar takardar da mutum zai shiga aji da ita. Hukumar rajistar malamai, T.R.C.N., wadda dokar 1993 ta kafa, ta fara jarrabawar neman lasisi a 2017.

Me wannan duka yake nufi ga Antinmu? Yana nufin cewa tana tsaye ne a kan aikin da doka ba ta san ta da shi ba. Ranar da duk aka tashi tantancewa, ita ce farkon wadda za a nuna wa ƙofa, ko da ta shekara 10 tana yi. Mun ga abin da ya auku a Jihar Kaduna a 2017, inda aka jarraba malaman firamare kimanin 33,000, aka bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. Mutane sun yi ta muhawara a kan ko an yi daidai ko ba a yi ba, ni kuwa ba wannan ne ya kawo ni ba. Abin lura shi ne, waɗannan mutane sun yi shekaru a ƙarƙashin shugabanni, ana sa musu hannu a littafin shirya darasi kowane mako, amma da yawansu ba su sami wanda ya zauna da su ya ce, zo mu duba inda kake da rauni ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce, mene ne ma a cikin koyar da ɗan shekara 4 da har zai bukaci kwaleji? Akwai wani tsohon gwaji da aka yi a Amurka, a garin Ifsilanti na Jihar Mishigan, daga 1962 zuwa 1967, a makarantar da ake kira Peri. An ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa, aka raba su gida biyu, 58 suka shiga makarantar, 65 ba su shiga ba. Darasin na awa biyu da rabi ne kowace safiya, malamai kuma suna ziyartar gidajen yaran sau ɗaya a mako. Aka ci gaba da bin sawun waɗannan yara har suka kai shekara 40, sai aka tarar waɗanda suka shiga sun fi yawan kammala sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, kuma ba a kama su da laifi kamar ɗaya rukunin ba. Abin da ake yawan mantawa idan ana ba da wannan labari shi ne, malaman wannan makaranta masu digiri ne, kuma kowace malama yara biyar ko shida ne a hannunta. Ba kowane ɗaki da aka tara yara aka sa wa suna makaranta ne zai haifar da irin wannan sakamako ba.

Sai dai kada mu ɗauka takarda ita ce komi. A 2007 wasu masana a Amurka sun haɗa sakamakon manyan bincike guda bakwai, ba su kuwa sami tabbacin cewa digiri shi kaɗai yana gyara aji ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Duk mun san mai N.C.E. da ke sa ɗan shekara 3 ya rubuta 1 zuwa 100 da bulala a hannu, mun kuma san wadda ba ta da ko takarda ɗaya amma in ta fara tatsuniya sai aji ya yi tsit. Abin da ke gyara aji shi ne a haɗa biyun: karatun kwaleji, da kuma idon wani gwani a bakin aiki wanda zai taimaka a juya karatun ya zama aiki. Kowane ɗaya daga cikinsu gurgu ne in babu ɗan'uwansa.

Jan hannun na baya kuwa ba sai mun aro shi daga ko'ina ba. Maƙeri ba ya aika yaronsa wata makaranta ya koyi zuga, a gefensa yake zaunar da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru ne a kan wannan ginshiƙi: ta zaɓi mata dattijai amintattu ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma su koma ƙauyukansu su koyar da mata, su kuma jagoranci waɗanda za su iya tafiya zuwa wurinta domin ƙarin karatu. Ku lura da wannan na ƙarshe. Jaji ba ta tsaya ga abin da ta sani ba, tana kai ɗalibarta inda ilmi ya fi nata. Babbar malamar da ke tsoron kada yarinyarta ta fi ta takarda, ba ta cika jaji ba.

To, yaya wannan zai kasance a makarantarku ranar Litinin da safe? Ba ya bukatar ofis, ba ya bukatar kwamiti. Babbar malama ta shiga ajin ƙaramar ta zauna a baya na rabin awa, ba da niyyar kama laifi ba. Bayan an tashi su zauna su biyu, ba a gaban yara ba, ba a gaban sauran ma'aikata ba. Ta tambaye ta: yaron nan da ya ƙi magana yau, me kike gani ke damunsa? Me ya sa da kika raba musu marafan kwalba suka ƙirga daidai, amma da kika rubuta a allo suka rikice? Ƙaramar za ta ba da amsa daga abin da ta gani da idonta, sau da yawa kuma amsar daidai ce. A nan ne babbar za ta ce mata, abin nan da kika gano da kanki, akwai darasi sukutum a kansa a kwaleji, akwai sunansa, akwai dalilinsa. Wannan magana ta fi wa'azin awa guda a kan muhimmancin ilmi tasiri, domin ta nuna wa yarinyar cewa aikin da take yi ilmi ne, kuma ita ma tana da kan da zai ɗauke shi. Mafi yawan waɗannan mata ba ragwanci ne ya zaunar da su ba. An daɗe ana nuna musu cewa su ba 'yan karatu ba ne, har suka yarda.

Daga nan sai a shiga abin da ke tare hanya, kuma kowace da nata. Wata kiredit ne ba ta da shi a Turanci ko Lissafi. Wannan mai sauƙi ne: akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, a makarantar kuma akwai malamin aji 6 da zai iya ba ta awa ɗaya sau biyu a mako in mai makaranta ya ce a yi. Wata kuwa ba ta san ma ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ba ta san N.T.I. tana da cibiyoyin karatu a jihohi ba, ba ta san kwalejojin ilmi suna da karatun ƙarshen mako da na lokacin hutu ba, ba ta san Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a 2002, tana ba da digiri a fannin ilmin ƙananan yara ba. A nan Ikko akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Akoka, akwai Jami'ar Ilmi ta Jihar da aka kafa a 2022, a Abekuta ma akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya. Yanzu cike fom ya koma ta intanet, kuma za ku yi mamakin yawan waɗanda shekara ke wuce su kawai domin babu wanda ya zauna kusa da su a gaban kwamfuta na awa ɗaya.

A nan zan ɗan ratse in yi gargaɗi. In za ku nuna wa malama hanya, ku tabbata hanyar gaske ce. Ku bincika ko hukumar N.C.C.E. ta amince da kwalejin, ko hukumar jami'o'i ta amince da jami'ar. Mu da ke kusa da iyaka mun san masu tallar digiri na wata shida. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan da wani ɗan jarida ya nuna cewa ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Malamar da ta zuba adashinta na shekara biyu a irin wannan takarda, asararta ta fi ta wadda ba ta je ko'ina ba.

Amma babban shinge shi ne lokaci, sa'an nan gida. Mace ce da ke tashi da asuba, ta wuni da yara 40, ta koma ta tarar da nata, ga girki, ga wanki. Wanda ya ce mata ki koma karatu, sa'an nan ya sa taron ma'aikata ranar Asabar, ya yanke mata albashi ranar da ta je jarrabawa, bai ƙarfafa mata gwiwa ba, ba'a ya yi mata. Jan hannu na gaske shi ne a ɗauki jadawalin kwalejin a ajiye kusa da na makaranta tun farkon zango, a san makon jarrabawa, a san wanda zai riƙe mata aji, a kuma yarda cewa aikin koyarwa na gwaji da kwaleji za ta nema a yi shi a nan cikin makarantar in kwalejin ta amince. Game da gida kuwa, iyayenmu mata da ke nan sun fi ni sanin yadda ake yi. Yarinya in ta je wa mijinta ko mahaifinta da maganar karatu ita kaɗai, abu ne mai sauƙi a ce mata a'a. Amma in Hajiya mai makaranta ta ɗaura mayafinta ta je gidan da kanta, ta gaisa, ta bayyana ranakun da za a riƙa fita da lokacin dawowa da waɗanda za su tafi tare, magana takan canza. Wannan ziyara ta awa ɗaya tana iya zama ita ce dukan bambanci tsakanin wadda ta sami N.C.E. da wadda ba ta samu ba.

Yanzu bari in zo ga abin da na san yana zukatan masu makarantu, ko da kunya ta hana a faɗa. Kuna cewa: in na taimake ta ta sami takarda, gobe sai ta tafi aikin gwamnati ko babbar makaranta, ni in tashi a tutar babu. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba ku kaɗai ke da shi ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna cewa kashi 41 cikin 100 na ma'aikatan gidajen renon yara suna barin aiki a cikin shekara guda, kuma ƙarancin albashi ne babban dalili. Ga yadda wasu suka tunkari al'amarin. A Jihar Karolina ta Arewa, a 1990, aka fara wani shiri mai suna T.E.A.C.H. A cikinsa ana raba kuɗin karatu gida uku, asusun shirin ya ɗauki kaso mafi girma, makarantar da malama ke aiki ta ɗauki kaso, ita ma malamar ta ɗauki kaɗan. Makaranta tana ba ta wasu sa'o'i na karatu ba tare da yanke albashi ba. In ta kammala darussan shekarar, sai a ƙara mata albashi ko a ba ta tukwici, ita kuma ta yi alkawarin zama a makarantar na wani lokaci, yawanci shekara guda. Shirin ya bazu zuwa jihohi da dama. A Kalifoniya kuma, tun 1988, akan zaɓi ƙwararrun malaman ƙananan yara a ba su alawus domin su karɓi ɗaliban kwaleji a azuzuwansu su horar da su, wato ita ma mai jan hannun ba a bar ta ta yi a banza ba.

Ba mu da irin asusunsu, na sani. Amma ƙashin bayan abin ba ya bukatar dala: kowa ya sa wani abu, kowa ya san abin da zai samu, kuma a rubuta. Abin da nake roƙo shi ne yarjejeniyar ta zama ta adalci. Shekara ɗaya ko biyu bayan kammalawa abu ne da hankali zai ɗauka. Amma a riƙe ainihin takardun mutum a aljihun tebur, ko a ɗaure shi shekara bakwai saboda kuɗin fom, wannan ba jan hannu ba ne, ɗaurin talala ne. Sa'an nan ƙarin albashin nan kada ya tsaya a baki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a 2024, amma doka ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin makarantunku a nan suka faɗa. Saboda haka babu mai tilasta muku. Sai dai ku sani malamar da ta dawo da N.C.E. ta tarar da albashinta na jiya, kun riga kun rubuta mata takardar sallama da hannunku. In kuwa bayan an yi mata komi ta cika alkawarinta ta tafi, to, kun ci moriyar shekarun da ta yi tana karatu tana gwada abin da ta koyo a ajinku, kuma waɗanda ta bari sun ga cewa a makarantarku mutum yana ci gaba. Irin wannan suna yana jawo ma'aikata nagari, yana kuma jawo iyaye.

Shugaban taro, ga shawarata ga wannan zama. Kafin a buɗe zango mai zuwa, kowane shugaban makaranta ya zauna da kowace malamar rabin aji ita kaɗai, ya ga sakamakon jarrabawarta da idonsa, ya rubuta abin da ya rage mata. Sakataren wannan taro ya tattara sunayen, domin waɗanda ke neman darasi iri ɗaya a haɗa su aji ɗaya da yamma, makarantu su riƙa karɓar baƙuncinsa bi da bi. Makarantun da ke unguwa ɗaya su yi adashi na kuɗin fom da na rajista, kowace shekara a fitar da mutum biyu ko uku. Ƙananan makarantun da ba su da babbar malama mai takarda kuwa, su nemi maƙwabciyarsu ta ara musu tata sau biyu a wata, a biya ta kuɗin mota da ɗan abin goro. A zama na gaba kuma a karanto sunayen waɗanda suka sayi fom, da na makarantun da suka fito daga ciki.